Damina Bakwai Cikin Kwana Goma Sha Huɗu

Sallama gare ku 'yan uwana masu bibiyata. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce wai na samu miji shi ya sa na manta da ku. Allah ya ba ki haƙuri 'yar uwa, da ma haka ɗin ne. Sati biyu ke nan ban rubuto ko harafi ba don ban san ta inda zan kamo zancen ba. Yau kuma na ga in ban fitar da shi ba, zai kashe ni a tsaye.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Bibata, shekarata ashirin da shida, haifaffiyar Gaya ce ni, unguwarmu tana kallon kogi. Aikina kuwa duk wanda na gaya wa sai ya yi dariya, domin tsufar da birik, wato tubalin gini, nake yi. Tanti Zuwera, ƙanwar Babana da ta riƙe mu tun rasuwar mahaifiyarmu, cewa take an kai ni lakkwal, makarantar boko, shekara goma sha biyar don kawai in koyo dafa ƙasa.

Wani ɗan labo ne, wato ɗakin gwaje-gwaje, aka buɗe a kan hanyar Doso bayan babban ruwan da ya cinye gidajen bakin kogi, don a riƙa gwada kayan gini kafin a sake yi wa mutane ɗakuna da su. Mu biyu ne a ciki, ni da shugabana, Shef Mansur. Magina su kawo birik ɗin da suka matsa da inji, jar ƙasa da ɗan siminti, Shef ya goge sunan mai shi ya rubuta lamba. Ni kuma in tsayar da birik cikin ruwa mai zurfin gaɓar yatsa, ya yini yana sha ta ƙasa kamar yadda gindin bango ke sha da damina. Daga nan in sa shi cikin fur, wani akwatin ƙarfe mai zafin da ya fi ranar bazara, ya bushe ƙayau. In fito da shi in goge kowace fuska da buroshin ƙarfe sau goma sha takwas, in ɗora a sikeli in rubuta abin da ya zube. Wannan shi ne zagaye ɗaya, kwana biyu yake ci, kuma sai birik ya yi goma sha biyu yana tsaye ake cewa ya ci. Shef ya hana mu cewa zagaye ɗaya damina ɗaya ne, ya ce lissafin bai kai haka sauƙi ba. Amma duk maginin da ya leƙo, tambayarsa ɗaya ce: "Madam, damina nawa nawa ya yi?"

To, a cikin waɗannan maginan akwai Yazidu.

Ɗan Tunuga ne, dogo, baƙi, mai wushirya, kuma ba ya iya dariya a hankali sai duk unguwa ta ji. Da can kabukabu yake yi tsakanin tasha da gadar Malanbil, shi ke kai ni aiki kullum. Wata rana ya leƙo ta taga ya same ni ina goge birik, ya ce, "Yanzu duk kwalliyar nan da kike yi da safe, wanka kike zuwa yi wa tubali?" Daga wannan tsokanar aka fara. Shekara biyu ke nan yanzu, kuma wallahi ina son sa, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba.

Matsalar rantsuwar Baba ce. Babana, Malam Siddo, masunci ne, mutum mai sanyin hali da ba ya son abin kowa. Amma shekarar babban ruwa yayata Fadima tana ɗakin mijinta, da tsakar rana, tana lallashin jinjirarta ta yi barci, bango ya kwanto a kansu. Kwana uku aka yi ana ruwa, gindin ginin ya jiƙe ba wanda ya lura. Baba da hannunsa ya tono gawarsu, har farcensa biyu suka cire. A wurin ya rantse ba zai ƙara kai ɗiyarsa ɗakin da ruwa zai ci ba. Bai nemi mota ba, bai nemi bene ba, bango kawai ya nema.

Yazidu ba shi da ƙarfin bulo na siminti zalla. Sai ya sayar da babur ɗinsa, ya sayi tsohon injin matsa birik da buhunan siminti, ya shiga koyo. Wata takwas yana gini shi kaɗai a wani fili da kawunsa ya ba shi a tudun gari, ɗaki biyu da 'yar baranda. Ranar da ya zo ya durƙusa ya ce gini ya kai linta, Baba ya daɗe yana gyaran komarsa bai ɗago ba. Can ya ce, "Yaro, ni kihi na sani, ban san birik ba. Amma ɗiyata ta sani. Ka kai mata. In ta ce ya yi, magabatanka su zo Juma'a ta sama a sa rana."

Ni shashasha har da guɗa a cikin ɗaki. Na ɗauka Baba ya miƙa mini makullin aurena ne a hannu.

Shef ya ba birik ɗin Yazidu lamba ashirin da uku bai gaya mini ba, amma ai banza ne. Murfin injinsa yana da wani ɗan tsagi a kusurwa, duk birik ɗin da ya fito sai ka ga alama kamar an danna farce. Ina ɗagawa na gane shi. Ga shi ja jawur, sumul, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa kamar tukunya sabuwa. Zagaye na farko bai zubar da ko rabin cokali ba. Na biyu haka, na uku haka. Har rausaya nake a gaban sikeli, Shef yana kallona ta saman tabarau yana girgiza kai.

Kullum bayan azahar saƙon Yazidu zai shigo: "Biba, ya jikin mara lahiyarki?"

In mayar masa: "Yana cin abinci, likita ta ce zai yi rai."

Ranar zagaye na huɗu na buɗe fur, na ga wani farin layi ya zagaye lamba ashirin da uku, kamar yatsa uku daga ƙasa. Na ce ko siminti ne ya fito. Na sa buroshi, sai gari ya zubo mini a kan farar rigar aiki, ja da fari a haɗe. Ban san abin da ya sa ba, na lakato farin da yatsa na kai harshe.

Gishiri ne, 'yan uwa. Gishiri sosai, mai ɗan ɗaci a ƙarshe.

Na juya na ga Shef a bayana. Shi ma ya lakata ya ɗanɗana, ya tofar a kwandon shara. Ya ce, "Wannan daga ina aka ɗebo ƙasarsa?"

"Ban sani ba, Shef."

"Bibata, kin san mai shi, na san kin sani. Ruwa zai riƙa jan gishirin nan sama, rana ta busar da shi, ya yi ƙwaya a cikin birik ya tsaga shi daga ciki. Siminti ba ya maganin wannan. Ki ci gaba da aikinki, kada ki rage ko shafa ɗaya."

Lahadi na shirya na tafi wurin ginin. Atamfa ruwan goro na sa, wadda Yazidu ya sayo mini a kasuwar Malanbil, da farin hijabi, na ɗan zizara kwalli don kada ya ga na yi kuka. A hanya ina ta haɗa yadda zan tambaye shi cikin dabara. Ina isa na tarar ba shi kaɗai ba ne. Mahaifiyarsa, Inna Jumma, ta zo daga Tunuga ganin ɗaki, tana zaune a barandar da ba a rufa ba da kwanon kopto, kwaɗon ganye, a gabanta. Na cire takalmi na durƙusa.

"Ina wuninku, Inna? Kun zo lahiya?"

"Lahiya lau ɗiyata. Fofo, sannu da zuwa. Taso nan kusa in gan ki." Ta kamo hannuna. Tafin hannunta kaushi kamar bayan kada, duk ya tsattsage. "Kin ga ɗakinki? Kin ga ƙasata yadda ta yi kyau?"

Na ce, "Ƙasarku, Inna?"

Yazidu ya ƙyalƙyale da dariyar nan tasa. "Au, ban gaya miki ba? So nake sai ranar buki. Ai duk ginin nan da tudun Inna aka yi shi."

Wadda ba 'yar yankinmu ba ba za ta gane ba, bari in yi bayani. A kwarin Foga mata ke yin gishiri. Su kankaro ƙasar kwari su zuba a kwando, su kwarara ruwa, ruwan gishiri ya tsiyaye su dafa shi har ya daskare. Ƙasar da ta rage a kwando su juye ta gefe. Yau a juye, gobe a juye, har ta zama tudu, kowace mace da nata. Inna Jumma tun tana amarya take wannan aiki, da shi ta ciyar da 'ya'ya shida bayan mijinta ya rasu.

Ta ce, "Shekara arba'in ina tara ta. Ba ni da saniya, ba ni da zinariya da zan ba shi. Na ce Yazidu, ga tuduna nan, ka kwashe ka yi wa matarka ɗaki. Amalanke talatin da ɗaya aka yi, ina tsaye ina ƙirgawa."

Yazidu ya ɗauko wani ɓallin birik yana juya shi a hannu. "Kin ga laushinta? Ba tsakuwa, ba saiwa, ko tankaɗe ban yi ba. Kuma wankakkiya ce, Biba. Ruwa ya bi ta ya hidda gishirin tun tuni, shi ne ma aikin Inna."

Ku gaya mini don Allah, a nan me zan ce? Hankalinsa bai yi ƙarya ba, an wanke ta ɗin. Sai dai kwando ba ya fitar da gishiri duka, abin da ya rage kuma ya ishi ya ci bango. Na kalli gindin ginin ta wajen da yake zubar da ruwan kwaɓi, na ga farin layin nan ya fara fitowa siriri. Inna ta ga inda nake kallo ta ce, "Albarka ce, ƙasar Foga ba ta ɓoye kanta." Na ce haka ne Inna. Na ci kopto loma uku, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Da zai raka ni bakin hanya ya ce, "Wane launi kike so a ƙohwa?"

Na ce, "Shuɗi."

Ni Bibata, da bakina na ce shuɗi. Har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Zagaye na biyar kusurwa ɗaya ta ɓalle. Na shida, fuskar birik ɗin ta fara tashi ɓawo-ɓawo. Na gwada rage ƙarfin hannuna a kan buroshi, Allah ya gani na gwada, amma ko hura shi ka yi zuba yake. Saƙon azahar bai fasa shigowa ba. "Ya jikin mara lahiyarki?" Na rubuta "Yazidu, akwai magana," na goge. Na rubuta "Ka zo labo," na goge. Ƙarshe na aika masa hoton hannu mai addu'a, shi kuma ya maido mini da zuciya guda uku.

A gida kuwa Tanti Zuwera ta riga ta tashi hankalin unguwa. Ta sayo shinkafar baƙi, ta aro manyan tabarmi, ta kai shaddarta ruwan hoda wajen tela. Ranar Laraba ta same ni a ɗaki na tasa tuwo a gaba ban taɓa ba. Ta rufe ƙofa da ƙafa.

"Ke, mi ya hwaru? Kun yi hwaɗa ne?"

Na gaya mata duka. Ta saurara tana kaɗa mafici, da na gama ta ce, "Shi ke nan?"

"Tanti, bangon ba zai riƙe ba."

"Yau zai hwaɗi?"

"A'a."

"Baɗi?"

"Ba na zato."

"To ke Allah ce da za ki san abin da zai hwaru shekara kaza? Kin ɗauki tubali kin jiƙa, kin gasa, kin kankare shi da ƙarhe, ko ni aka yi wa haka ai sai in zube. Ki shiga ɗakinki, in Allah ya buɗa mishi ku yi wani." Ta matso ta rage murya. "Babanki karatu ya iya? Takardarku ta anasara ba ta dame shi ba, bakinki kawai zai ji. Kalma ɗaya ce, ya yi. Yaron nan ya sai da babur ɗinshi, siminti ya ƙare, tsohuwa ta ba da abin da ta mallaka. In kika ce bai yi ba, da mi zai sake? Shekara nawa za ki zauna jira? Sa'o'inki masu ɗiya uku ne."

Duk abin da ta faɗa ni ma na gaya wa kaina sau ɗari. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Ni na yi wa Fadima wanka, kada ki ɗauka na manta. Amma ba zan iya kallon ki ke ma kina mutuwa a zaune ba."

Yau Alhamis aka cika zagaye na bakwai. Na buɗe fur da safe, na sa hannu biyu zan ɗago lamba ashirin da uku, sai rabin sama ya biyo ni, rabin ƙasa ya zauna a tire ya zama gari. Ba ƙara, ba komai. Na tsaya riƙe da rabin birik mai alamar farce har zafinsa ya ƙona mini yatsu. Shef ya karɓe shi daga hannuna ya ajiye, ya turo mini takarda da biro. Na rubuta abin da sikeli ya nuna. Ya ce, "Sai haƙuri, Bibata. In kina so ni in gaya masa." Na ce a'a. Na share garin na zuba a baƙar leda na sa a jaka.

Duk hanyar gida ina maimaita kalmar Tanti a bakina. Ya yi. Ya yi, Baba. Har na iya faɗinta sumul kamar gaskiya.

Bayan la'asar Baba yana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida da komarsa a cinya, Tanti tana tsintar shinkafar gobe a faranti. Ya kira ni. Na zo na durƙusa nesa kaɗan.

"Gobe baƙi za su zo. Mi kika gani?"

Na ji Tanti ta daina tsinta. Na buɗe baki, sai idona ya sauka a kan yatsunsa biyu da farce bai sake fitowa ba, suna riƙe da zaren koma. Kalmar ta maƙale. Na ce, "Baba, gwajin yana da wuyar bayani. Shef ya ce ba a ƙirga shi da shekaru, don abin labo daban, na waje daban..."

"Bibata, ban yi lakkwal ba. Gaya mini da bakin da zan gane."

Na jawo ledar na kwance a gabansa. Ya dubi garin, ya ɗiba da yatsa ya kai harshe, ya ɗago.

"Gishirin Foga ne wanga."

"Tudun Inna Jumma ne ta ba shi, Baba. Duka."

Ya runtse ido. Ya san ta, ya sha sayen gishirinta yana gyaran kifi. Ya ce, "Allah sarki, baiwar Allah." Muryarsa ta yi ƙasa har na sa rai, na ce ko tausayi zai yi abin da gaskiya ba ta yi ba. Sai ya buɗe ido ya dube ni.

"Sau nawa kika jiƙa shi kahin ya zube?"

"Bakwai."

"Damina bakwai ke nan."

"Baba, ba lalle ba ne. Zai iya hin haka, in an yi mishi dakali, in an shahe shi..."

"Zai iya kasawa?"

Na ce, "Zai iya."

Ya ɗaure bakin ledar a hankali, ƙulli biyu irin na masunta, ya turo mini ita gabana.

"Bangon Fadima ya yi tara."

Ya naɗe komarsa ya miƙe, da zai wuce ya ce wa Tanti ta mayar da shinkafar buhu, shi zai je ya sami kawun yaron da kansa bayan sallar asuba, don kada mutane su yi tahiyar banza. Tanti ta kife farantin a kan tabarma ta shige ɗaki tana kuka da ƙarfi. Ni ko hawaye ban samu ba.

Ina durƙushe a wurin waya ta yi ƙara a jakata. Hoto ne ya fara shigowa: ƙofar ƙarfe shuɗiya, fenti bai gama bushewa ba, Inna Jumma tsaye a gefenta ta dafa bango da hannu ɗaya tana dariya. Sai saƙon murya ya biyo, na kanga a kunne.

"Biba! Kin ga ƙohwarki? Inna ta ce kada makulli ya kwana hannuna, na mai ɗaki ne. Ga ni nan tahe in kawo miki."

Minti ashirin ke nan da ya aiko. Na shigo ɗaki na zauna ina rubuto muku wannan da ledar a cinyata, don hannuna ya samu abin yi. Yanzu haka ina jin dariyarsa a ƙofar gida yana gaisawa da maƙwabta, ga shi ya yi sallama, kuma Baba ne ya amsa.